Iskar da Ke Zurarewa Ba Ƙusa Ba Ƙaya: Bayani a Kan Tsufan Rim da Maganinsa

Duk wanda ya saba tsayawa a rumfar mai faci da sassafe, a bakin kowace babbar hanya ta garuruwanmu, zai lura cewa cikin masu kawo motoci akwai wata jama'a da ba faci ke kawo su ba, ba kuwa sayen taya ba, illa dai su tsaya ko inji ba su kashe ba, su leƙo ta taga su ce, "Malam, taimaka ka ƙara mini iska a ta bayan nan ta hagu," a ƙara musu, su miƙa abin da ya sawwaƙa, su wuce, sa'an nan bayan kwana uku ko huɗu su komo da wannan buƙata a kan wannan taya. In ka tambayi ɗayansu sai ya ce maka an cire tayar an duba ba a sami ƙusa ba, an canja bawul ba ta daina ba, wani ma har ya kai ga sayen sabuwa ful, amma ba ta yi mako biyu ba ta ɗauki halin wadda ta gada. Daga nan sai zargi ya tashi, a tuhumci mai faci da rashin iya aiki, a tuhumci mai sayar da taya da algus, alhali kuwa sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin illar ba a jikin roba take ba, tana jikin ƙarfen da robar ke zaune a kansa, watau rim, wanda waɗansu ke kira wili, wanda kuma yake tsufa kamar yadda duk abin da hannun ɗan Adam ya ƙera yake tsufa.

Yadda rim ya shiga aikin riƙe iska

Ba za a fahimci wannan mas'ala ba sai an koma ga asalinta. Wani mutumin Sikotland mai suna Robert William Thomson shi ne ya fara yin rajistar dabarar taya mai iska a 1845, amma ba ta sami karɓuwa ba sai bayan da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi mazaunin Belfast, ya sake gano ta a 1888, yana neman sauƙaƙa wa ɗansa hawan keke. Tun daga wannan zamani har wajen shekara sittin, iska tana zaune ne a cikin tif, taya tana kāre tif, shi kuwa rim ba shi da wani aiki face ya ɗauki nauyi ya riƙe su duka biyu. Ko da ya yi tsatsa, muddin tsatsar ba ta goge tif ta huda shi ba, iska ba ruwanta da shi.

Al'amarin ya sāke ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 kamfanin B. F. Goodrich na Amurka ya ba da sanarwar cewa ya yi taya marar tif, aka tabbatar masa da rajistarta a 1952, kafin ƙarshen 1955 kuwa galibin sababbin motocin Amurka da ita suke fitowa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wata irin roba da ake kira butil, wadda aka haɗa a 1937, wadda iska ba ta ratsa ta da sauƙi. Da ita ake shafe cikin taya, sai shafin ya tsaya a matsayin tif. Fa'idar wannan dabara ba ta ɓuya ba, domin tif in ƙusa ta shige shi sai ya sace nan take, mota ta ƙwace wa direba, amma taya marar tif takan rungume ƙusar ta riƙa sakin iska sannu sannu har mutum ya isa wurin gyara. Sai dai kowace ni'ima tana tafe da sharaɗinta, sharaɗin wannan kuwa shi ne rim ya zama rabin mazubin iska. Roba ta rufe sama da gefe biyu, ƙarfe ya rufe ƙasa, abin da ya hana iska fita kuwa bai wuce matsewar bakin taya, wanda aka ɗura wa wayoyin ƙarfe a cikinsa, a kan wani siririn mazauni da aka sassaƙa a jikin rim ba.

Mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa. Rim mai inci 15, irin na yawancin ƙananan motoci, kewayensa ya kusa mita 1.2, bakin taya kuwa biyu ne, na ciki da na waje, watau ke nan akwai layi mai tsawon kusan mita 2.4 a kowace ƙafa, wanda tilas ne roba da ƙarfe su haɗu a kansa ba tare da ratar da ta kai kaurin gashi ba, alhali iskar da ke ciki, in an hura ta zuwa 32 a ma'aunin PSI da ke jikin gejin masu faci, tana tura kowane santimita murabba'i da ƙarfin da ya ɗara kilo 2, dare da rana, mota na tafe ko tana tsaye. In aka duba haka, ba zurarewar iska ce abin mamaki ba, zamanta ne.

Illolin tsufa

Rim iri biyu ne a bisa galibi, kowanne kuwa da irin tsufansa. Na farko shi ne na baƙin ƙarfe, irin wanda aka sani a jikin Peugeot 504 da 'yan'uwanta tun lokacin da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma har yau shi ke jikin yawancin motocin haya. Cutarsa jar tsatsa ce, wadda takan fara a inda ruwa ke kwanciya tsakanin leɓen rim da bakin taya, ta kumbura, ta yi ɓawo, ɓawon ya ɗaga robar, iska ta sami hanya. Amma yana da wata falala guda, ita ce haƙuri, domin in ya faɗa rami lanƙwasa yake yi ba tsagewa ba, kuma maƙeri mai hankali yana iya mayar da shi.

Na biyu shi ne na alminiyam, wanda Bugatti ya fara sa wa motar tserensa a 1924, wanda kuma a yau ya zama ado ga kusan kowace motar gida. Mutane da yawa sun ɗauka ba ya tsatsa, tun da ba su taɓa ganin ya yi ja ba, amma wannan zato ne marar tushe, domin tsatsarsa fara ce, gari-gari, kuma a ɓoye take aikinta. Masu ƙera shi sukan rufe shi da fenti, su bi da wani shafi mai sheƙi. Da zarar wannan shafi ya sami ƙwarzane, danshi sai ya shiga ƙarƙashinsa ya riƙa rarrafe, yana ɗaga fenti yana cin ƙarfe, har mazaunin taya, wanda aka yi shi sumul, ya cika da ƙuraje da 'yan ramuka. Wanda aka yi wa rufin kurom mai walƙiya ya fi kowanne muni in ya tsufa, domin kurom ɗin ɓarewa yake yi falle-falle, a ƙarƙashin kowane falle kuwa akwai mafitar iska.

To, daga ina wannan ci yake zuwa, alhali ƙasarmu ta Arewa busasshiya ce, nesa da gishirin teku? Amsar tana cikin tarihin motocin da muke hawa. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, hukumomi sukan watsa gishiri a kan tituna da hunturu domin ya narkar da ita, Amurka kaɗai tana zubar da abin da ya kai wajen tan miliyan 20 a shekara, ba kuwa gishirin miya kaɗai ba, har da waɗansu ire-irensa da suka fi shi jawo laima da cin ƙarfe. Motar da ta yi hunturu goma ko goma sha biyar a Mishigan ko Ontariyo ko Jamus, kafin a ɗoro ta a jirgi daga Antwaf ko wata tashar Amurka zuwa Kwatano ko Legas, ƙafafunta sun sha wannan ruwan gishiri shekara da shekaru. Dillali zai wanke ta, ya goge rim har ya yi ƙyalli, mai saye ya zagaya ta ya buɗe inji ya duba kujeru, amma babu mai cire taya ya ga abin da ke ƙarƙashin bakinta. Saboda haka sau da yawa cutar tare da motar aka sayo ta, ta dai jira lokacinta ne.

Amma adalci ya wajabta a faɗi namu rabon. Akwai ramukan hanya da gefen kwalbati, waɗanda ke lanƙwasa leɓen rim, musamman leɓen ciki da ke fuskantar ƙarƙashin mota, wanda ba shi da ginshiƙan da ke tallafe na waje, kuma ido ba ya kai gare shi. A nan ne tsaga mai siririn gashi takan fito, musamman a manyan rim masu inci 18 ko 19 da ake ɗora wa taya marar kaurin gefe. Akwai cire taya da mayar da ita da guduma da ƙarfen banƙara, inda kowane bugu ke barin tabo a mazauni. Akwai ruwan garin sabulun wanki da ake shafa wa bakin taya domin ta zame ta shiga, alhali sinadarinsa mai cin alminiyam ne, kuma a ciki zai kwana. Wanda ya fi wannan muni shi ne baƙin mai ko giris, domin su robar suke kumburawa su lalata. Akwai injin iska wanda ba a tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankinsa, sai a hura wa taya iska da laima tare, tsatsa ta kama daga ciki. Akwai kuma 'yar dalmar balansin da ake bugawa a leɓen rim, wadda maƙallinta na ƙarfe yake yanka fenti, ya haɗa ƙarfe biyu mabambanta a wuri mai danshi, haɗuwar da ke gaggauta cin ɗayansu. Bayan waɗannan duka, akwai illa ta asali da ba laifin kowa ba cikinmu, ita ce ƙananan ƙofofi da kan ragu a jikin alminiyam tun ranar da aka narka shi aka zuba a mazubi, waɗanda fenti ke toshewa yana sabo, in ya tsufa su buɗe.

Bawul da na'urarsa

Mafita ta uku, bayan baki biyu na taya, ita ce bawul, wanda har yau ake amfani da shi a kan siffar da gidan August Schrader na Niyok ya yi wa rajista a 1893. Jikinsa na roba yakan bushe ya tsattsage saboda rana, zuciyarsa takan saki ko ƙura ta shige ta in babu murfi, ramin da yake zaune a jikin rim shi ma yakan ci, ta yadda ko an sa sabon bawul ba zai kama ba sai an gyara ramin.

A motocin baya-bayan nan akwai ƙarin wani abu. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 a Amurka, saboda haɗurran da a ƙarshe aka ƙidaya sun ci rayuka fiye da 200, galibi a motocin Ford Explorer, inda ƙarancin iska da zafi suka kasance cikin sabubban da aka ambata. A shekarar majalisar ƙasar ta yi doka, wadda a ƙarƙashinta, tun daga Satumba 2007, kowace sabuwar ƙaramar mota tilas ta zo da na'urar da ke kunna fitila a gaban direba in iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100. Tarayyar Turai ta wajabta irin wannan ga dukkan sababbin motoci daga Nuwamba 2014. A yawancin waɗannan motoci na'urar a gindin bawul take, jikin bawul ɗin kuwa sau da yawa na alminiyam ne, wanda in aka ɗaura masa zuciya ko murfi na tagulla sai su ci juna su manne, ranar da aka zo kwancewa ya karye. Batirin na'urar ma yana ƙarewa bayan shekara biyar zuwa goma, shi ya sa motoci da yawa ke iso mana fitilar na kunne, direba ya saba da ita har ya daina ganinta. Kuma ko tana aiki, a lura cewa tayar da haƙƙinta 32 ne sai ta sauka zuwa 24 kafin fitila ta yi magana. Na'urar mai gargaɗi ce, ba ta ɗauke wa mutum nauyin awo ba.

Hujja kafin hukunci

Malamai sun ce ba a yanke hukunci sai da shaida, haka nan ba a tuhumar rim sai an tabbatar. Farkon abin sani shi ne babu tayar da ba ta rage iska, domin iska tana ratsa jikin roba kanta, lafiyayyar taya takan yi asarar PSI 1 zuwa 2 a wata. Sanyi ma yana da nasa tasiri, kusan 1 ga kowane digiri 5 ko 6 da zafi ya sauka, shi ya sa da asubahin hunturu a Jos ko Kano za a ga awo ya yi ƙasa. Amma waɗannan sabubba biyu ba sa zaɓe, ƙafa huɗu suke taɓawa daidai wa daida. Ƙa'idar ke nan: in duka huɗu suka sauka tare kaɗan, ɗabi'a ce, in guda ta ware kanta tana sauka ita kaɗai, illa ce. Ba kuwa za a san haka da bugun taya da sifana ko danna ta da yatsa ba, sai da geji, a auna da safe kafin mota ta yi tafiya, a rubuta, a sake aunawa bayan kwana biyu ko uku. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, galibi tsakanin 30 da 35 ga ƙaramar mota. Lambar da ke jikin taya kuwa iyaka ce da ba a ƙetarewa, ba ita ce abin hurawa ba.

In an gane ƙafar da ke da illa, sai a kwance ta, a cika ta da iska, a kwantar da ita a ƙasa, a zuba ruwan sabulu a kwarin da ke tsakanin roba da ƙarfe har ya zagaye, a zuba a kan bawul da gindinsa, sa'an nan a yi haƙuri. A nan ne yawancin bincike ke ɓaci, domin mai faci ya saba da hujin ƙusa mai tafasa ruwa nan take, shi kuwa yoyon rim ba ya tafasa, wata 'yar farar kumfa ce mai laushi take taruwa a wuri guda bayan minti biyar ko goma. In fuskar waje ba ta nuna kome ba, a juya ta ciki, wadda ita ce ta fi yawan laifi. In har yanzu shiru, a nutsa ƙafar duka cikin baho, a dubi jikin rim kansa, ko kumfa za ta fito daga tsaga ko daga ƙofar zubi. Inda aka gani a sa alli a jikin taya da jikin rim a tare. In kuwa shakka ta ragu, akwai gwajin da ba ya barin jayayya: a ɗora wannan taya a kan wani rim, a ɗora wata lafiyayya a kan wanda ake tuhuma; duk wanda yoyon ya bi, shi ne mai laifi.

Magani gwargwadon cuta

In ci ne a mazauni, kuma bai yi zurfi ba, maganinsa mai sauƙi ne, sai dai yana son a cika sharuɗɗansa. A cire tayar gaba ɗaya, kada a wadatu da danne bakinta a cusa wani abu. A kankare mazaunin duka biyu da burushin waya, a bi da samfefa, mai kaushi tukuna sa'an nan mai laushi, har farin gari da ɓawon fenti su tafi, yatsa ya bi wurin bai ji tuntuɓe ba. Amma a kiyayi cin ƙarfen da injin gurza har mazaunin ya rage, domin abin da aka cire ba ya dawowa. A goge bakin tayar ita ma, tun da tsatsar takan manne a jikinta. Sa'an nan a rufe ƙarfen da aka tsiraita da fenti, a bar shi ya bushe sarai, domin in aka bar shi tsirara cutar za ta komo cikin damina guda. Bayan haka ana iya shafa baƙin gam ɗin da aka yi musamman domin bakin taya, shafi mai sirara, ya cike 'yan ramukan da suka ragu. Wannan gam mataimaki ne, in aka malala shi a kan tsatsar da ba a kankare ba, ɓoye aibi aka yi ba gyara ba. A sa sabon bawul, a mayar da taya da man shafawa na taya, a hura. In ta kai 40 bakinta bai hau mazauni ba, a sace a gyara zamanta, kada a ci gaba da matsa mata. A ƙarshe a yi balansin, an fi so da dalmar mannawa in rim ɗin na alminiyam ne, a sake gwajin ruwan sabulu kafin a biya kuɗi.

In ƙofar zubi ce, ana kankare wurin daga ciki a toshe shi da gam mai jure zafi, yakan kuwa riƙe. In lanƙwasa ce a baƙin ƙarfe, ana mayarwa. In a alminiyam ce, guduma ba tata ba ce, domin alminiyam ɗin zubi in aka buge shi a sanyi tsagewa yake yi, ko a fili ko a ɓoye. Masu injin miƙewa suna iya gyara ƙaramar lanƙwasa, babba kuwa ta fi ƙarfin gyara. Amma tsaga, musamman wadda ta kai ga ginshiƙi ko ramin noti, hukuncinta ɗaya ne, a yar da rim ɗin. Masu walda sukan ɗinke tsagar leɓen ciki, wani lokaci ta riƙe, amma zafin walda yana raunana ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin, saboda haka mai hankali ba ya ɗora iyalinsa a kai ya kama hanyar Abuja.

Dabarun da ke da shubuha

Akwai dabaru uku da suka yaɗu, waɗanda ya kamata a bayyana matsayinsu. Ta farko ita ce jefa tif cikin taya marar tif. Babu musun tana tsayar da yoyo, kuma a halin larura, a ƙauyen da ba wani rim, ta fi zama a daji. Amma cikin irin wannan taya yana da zane-zane masu gogar tif, guga tana haifar da zafi, kuma wanda ya yi haka ya mayar da kansa zamanin da ƙusa ɗaya ke sace taya nan take. Ta biyu ita ce ruwan gam da ake ɗurawa ta bawul. An yi shi ne domin hujin ƙusa a tafin taya, juyawar ƙafa kuwa can take watsa shi, nesa da bakin taya inda yoyon rim yake. Ga shi yana toshe na'urar awo, in ya daɗe kuma waninsa yana ƙara cin ƙarfe. Masu yin sa da kansu sukan iyakance gudu da shi ga kilomita 80 a awa, har a isa wurin gyara. Ta uku ba shubuha ba ce, ganganci ne tsantsa: zuba fetur cikin taya a ƙyasta ashana domin bakinta ya hau, da kuma kai wutar walda jikin rim alhali taya na kansa. Kai wutar waldar nan ya halaka ma'aikata a ƙasashe da yawa, domin zafin yakan sa robar ta fara ƙonewa daga ciki ba a gani, ƙarfin iska ya hau cikin ɗan lokaci ta fashe, ko da an riga an ɗauke wutar, ko da an sace iskar tun farko.

In sauyi ya wajaba

Wanda zai sayi rim na hannu, a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, kada kyawun fuska ya ruɗe shi. Ya juya bayansa, ya bi mazauni biyu da yatsa, ya nemi alamar walda ko sabon fentin da aka yi domin rufe wani abu, ya sa a ɗora shi a injin balansin a juya ya ga ko yana rawa. Sa'an nan ya karanta rubutun da ke jikinsa, misali 6J×15 ET45, watau faɗinsa inci 6, girmansa inci 15, lambar ƙarshe kuwa tana nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje, abin da ke hana shi gugar birki ko jikin mota. Yawan ramukan noti bai isa hujja ba, sai an san faɗin da'irar da suke kai: Toyota Camry ramuka 5 ne a kan milimita 114.3, yawancin Mercedes ramuka 5 a kan 112, yawancin Golf 3 ramuka 4 a kan 100, Peugeot 406 ramuka 4 a kan 108. Bambancin milimita biyu da 'yan kai yana barin noti ya shiga da ƙarfin tsiya, amma ba zai zauna daidai ba, ƙarshensa ya kwance ko sandar da notin ke ɗaure a kai ta karye. Mai motar haya da ke bin hanyoyi masu ramuka kuwa, babu aibi a gare shi in ya bar alminiyam ya koma baƙin ƙarfe mai awo daidai.

Abin da sakaci ke jawowa

Mai ƙarin iska kowane kwana uku yana ganin ya sami maslaha mai arha, amma in ya yi hisabi zai ga rabin kwanakinsa a kan taya mai ƙarancin iska yake tafiya. Irin wannan taya gefenta yana lanƙwashewa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da wayoyin da ke cikinta, wannan rauni kuwa ba ya warkewa don an ƙara iska daga baya. Yana nan yana jiran ranar da lodi da gudu da zafin kwalta na watan Afrilu za su haɗu. Kafin wannan rana, kafaɗun tayar suna cinyewa da wuri, birki yana tsawo, mai yana ƙonewa a banza, tun da ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta asarar kashi 0.2 cikin 100 ga kowane 1 da iskar ƙafafun ta ragu. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Ikeja a 2008, galibin tayar mota da ke ƙasar nan da kuɗin waje ake sayo ta, ba abin da za a bari rim mai ƙuraje ya kashe kafin ajalinsa ba ne. Ita ma tayar a duba shekarunta, lambobi huɗu ne a gefenta, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, watau 3519 na nufin mako na 35 na 2019, domin bakin tsohuwar roba yakan ƙandare ya kasa bin ƙarfe, tsohon rim da tsohuwar taya kuwa kowanne yana tona asirin ɗan'uwansa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki duka shi ne ranar da za a sa sabuwar taya, domin a ranar ne kaɗai mazaunin ke fitowa fili ba tare da ƙarin kuɗin cirewa ba. Haƙƙin mai mota ne ya tsaya a kan aikinsa ya ce, "Malam, dakata in ga rim ɗin kafin ka ɗora," haƙƙin mai faci ne kuma ya nuna masa gaskiyar abin da ya gani, ko da hakan zai rage masa mai zuwa ƙarin iska, domin ɓoye aibin da aka sani ha'inci ne a sana'a kamar yadda yake a ciniki. Wanda ya sayo motar da ta fito ƙasar sanyi, mustahabbi ne a gare shi ya sa a buɗe ƙafafun duka biyar, har da safaya, tun a watan farko. Wanda kuwa yake ɗaukar fasinja, a gare shi abin ya wuce mustahabbi, domin rayukan da ke bayansa amana ce, kuma illar da ta yi makonni tana ba da sanarwar kanta ba ta cikin abin da ake jingina wa ƙaddara a wanke hannu. Allah ya kiyaye mana hanya.